Farkon cikar teku, maƙurarsa ko janyewarsa: wane layi zaka fara ɗiba in baƙin shel kake nema?

In aka miƙa maka sandar dutse da aka haƙo daga rijiyar neman mai, ko aka tsayar da kai gaban gefen dutse mai layi-layi na tsohuwar lakar teku, sannan aka ce maka kuɗin lab ba zai wuce na samfur ashirin ko talatin ba, to dole ka san inda zaka sa guduma tun kafin ka ɗaga ta. Abin da ake nema dai sananne ne, baƙin shel ɗin nan mai maiƙo, lakar da ta danne gawar ƙananan halittun ruwa ta hana su ruɓewa har ta zama dutse, wanda in ya nutse ƙasa ya sha zafi shi ke haifar da man fetur da gas. Wurare uku ne 'yan jiyoloji ke ta jayayya a kansu: layin da ya kwanta lokacin da teku ya fara hawowa kan tudu, da layin da ya kwanta sanda ruwan ya kai maƙura, sai kuma wanda ya kwanta bayan teku ya ja da baya. Kowanne na da masu goyon bayansa kuma kowanne na da inda yake ba mutum kunya.

Kafin a shiga kwatancen, akwai lissafin da in baka riƙe shi ba sauran maganar zata ruɗe maka. Daga duk abin da filanktan, wato ƙananan halittun nan da ke yawo a cikin ruwa, ke samarwa a saman teku, ko kashi ɗaya cikin ɗari baya kaiwa ga binnewa, sauran duk ana cinye shi a hanya ko a ƙasan ruwan, bakteriya da tsutsotsin laka basa wasa. Kenan kafin laka ta yi maiƙo sai abu uku sun haɗu, a samar da gawar da yawa a sama, ta tsira daga oksijin a ƙasa, kuma kada yashi da yumɓun da koguna ke kawowa su tsinka ta. Wannan na ukun mutane suka fi mantawa alhali nan ne hawa da saukar teku ya fi yin aikinsa. Ɗigon tawada ɗaya ne, a ƙaramin kofi ya yi baƙi wuluk, a bokiti ka rasa inda ya shiga. Sanda teku ke hawowa, bakin koguna na komawa baya, lakarsu ta maƙale can kusa da gaɓa, tsakiyar kwarin ya zauna ba mai kawo masa komai sai abin da ke zubowa daga sama. Ga shi ruwan ya ƙara zurfi igiya bata iya motsa ƙasansa, ga ƙasar da ya mamaye tana sako masa fosfaras da sauran abincin filanktan, ga kuma ruwan nan na tsakiyar teku mai ƙarancin oksijin ya samu hanyar hawowa kan dandamalin gaɓa, wato shimfiɗar ƙasan teku marar zurfi da ke gefen nahiya. Shi yasa tun da daɗewa ake haɗa baƙin shel da cikar teku, kuma ba ƙarya bane, lissafin da masu bincike Klemme da Ulmishek suka fitar a 1991 ya nuna zamani shida kacal ne suka ba da sama da kashi 90 cikin ɗari na mai da gas ɗin da aka gano a duniya, manyan cikinsu ƙarshen Jurasik da tsakiyar Kiretashiyos, duk lokutan da teku ya malale kan nahiyoyi.

To amma “cikar teku” magana ce mai faɗi. A wane mataki na cikar?

Ɗauki na farko, farkon hawowar. Misalin da ya fi kowanne fitowa fili shi ne na farkon zamanin Siluriyan, wajen shekara miliyan 443 da suka wuce. Ƙanƙara ta rufe yankin da yau yake Sahara a ƙarshen Odobishiyan, zamanin da ya gabace shi, ta sassaƙe ƙasa ta bar kwaruruka da tuddai, da ta narke teku ya dawo da sauri ya fara cika ramukan nan tukuna. A cikin ramukan ne shel ɗin Tanezzuft na Libiya da Aljeriya da Qusaiba na Saudiyya suka kwanta, kason kabon ɗinsu, wanda shi ne ma'aunin gawar da ta rage a dutsen, a wasu wurare ya haura kashi 10, alhali shel ɗin da ya kai kashi 2 ma ana ce masa mai kyau. Mafi yawan mai da gas na tsofaffin duwatsun Arewacin Afirka daga wannan ɗan siririn layin suka fito. Dalilin maiƙon ba ɓoyayye bane, ruwa ne a rami, baya gudana, oksijin ɗin ƙasansa ya ƙare, kuma lakar koguna bata iso ba tukuna. Irinsa ne Kupferschiefer na Jamus da Folan a ƙarshen Famiyan, teku ya ɓalle ya cika wani kwarin hamada da ke ƙasa da matakin ruwa, abu na farko da ya kwanta kan yashin hamadar shi ne baƙin shel wanda kaurinsa yawanci bai kai mita ɗaya ba, kuma har yau ana haƙar tagulla da azurfa a cikinsa a Folan.

In kana son ganin abin da ɗuminsa sai ka dubi Bahar Aswad. Lokacin ƙanƙara na ƙarshe, wajen shekara 21,000 baya, teku ya sauka da kusan mita 120, shi kuwa dokin ƙofar Bosforos, wato tudun da ke ƙarƙashin ruwan mashigin da ke haɗa shi da sauran teku, zurfinsa bai wuce mita talatin da 'yan kai ba, sai Bahar Aswad ya yanke ya zama tafki. Da teku ya dawo wajen shekara 9,000 da suka wuce ruwan gishiri mai nauyi ya dinga silalowa ƙasa, mai sauƙin gishiri ya zauna a sama, suka ƙi gauraya, zuwa wajen shekara 7,500 baya baƙar laka mai maiƙo ta fara kwanciya. Har gobe in ka wuce mita 150 zuwa 200 a wannan tekun babu oksijin sai iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, alhali zurfinsa ya haura mita 2,000.

Matsalar wannan zaɓin ɗaya ce amma babba ce, baya da alƙawari. Tunda ramuka yake bi, rijiya ɗaya zata same shi da kauri, ta kusa da ita da ta faɗa kan tsohon tudu bata ga ko ƙyallinsa ba, kuma wannan ya sha faruwa a kwarin Murzuq na Libiya. In baka da taswirar yadda ƙasar take kafin ruwa ya rufe ta, caca kake yi.

Na biyu, maƙurar cika, shi ne ɗan gatan littattafan koyarwa, kuma na gane dalili. A wannan lokacin gaɓa ta fi nisa, lakar koguna ta fi ƙaranci, ruwa ya fi zurfi, layin da ya kwanta kuma yana shimfiɗuwa ko'ina ba ruwansa da rami ko tudu. A duwatsun ƙarshen Kabonifaras na tsakiyar Amurka, wajen Kansas da Iowa da Oklahoma, ƙanƙarar Gondwana, tsohuwar babbar nahiyar kudu, ta yi ta ƙaruwa tana narkewa, teku ya yi ta zuwa yana komawa sau da yawa, kuma a tsakiyar zagayen zaka ga ɗan baƙin shel mai fosfet wanda yawanci bai kai mita ɗaya ba amma ana binsa ɗaruruwan kilomita daga jiha zuwa jiha. Ga wanda ke son haɗa rijiyoyi da juna babu abin da ya kai wannan daɗi, domin a na'urar gama, wadda ake zurawa cikin rijiya ta auna hasken rediyeshan da dutse ke fitarwa, layin yana yin tsalle ya fito ƙarara saboda yuraniyom ɗin da ke taruwa a lakar da babu oksijin.

Amma fa nan ne nake ganin an fi yaudarar ɗalibai. Ƙarancin laka takobi ne mai kaifi biyu, yana hana tsinkewa, eh, amma kuma yana barin gawar a fili shekaru aru-aru ba a binne ta ba, in akwai ko ɗan oksijin kaɗan a ƙasan ruwan sai ya cinye ta tas, ka zo ka tarar da layin maƙura cike da ramukan tsutsotsi da koren yashin gulokonait da ƙwayoyin fosfet, kabon kuwa babu. Wato maƙurar cika bata yin maiƙo sai in ƙasan ruwan ya riga ya shaƙe, oksijin ɗinsa ya ƙare. Kuma in ka duba manyan misalan da ake kawowa zaka ga akwai wani hannu a ciki bayan na teku. Layin Bonarelli da ke kusa da Gubbio a Italiya, baƙi mai kaurin kusan mita ɗaya a tsakiyar farin dutsen farar ƙasa, ya kwanta wajen shekara miliyan 94 baya, zamani ɗaya da shel ɗin Eagle Ford na Teksas da La Luna na Benezuwela da Kolombiya, lokacin da teku ke dab da matakin da ya fi kowanne tsawo a wannan dogon zamanin. Schlanger da Jenkyns ne a 1976 suka fara nuna cewa irin wannan shaƙewar ta game tekuna da yawa lokaci guda. To amma a daidai lokacin akwai gagarumin aman wuta a ƙarƙashin ruwa a yankin Karibiyan wanda ya ɗumama duniya ya zuba sinadarai a teku. Haka shaƙewar zamanin Towashiyan, shekara miliyan 183 baya, wanda ya bar shel ɗin Posidonia na Holzmaden a Jamus da Jet Rock na Whitby a Ingila, shima ya zo tare da aman wutar Karoo a kudancin Afirka da Ferrar a Antaktika. Abin da ya fi gamsar da ni ma shi ne abin da ya biyo bayan Bonarelli, teku ya ci gaba da zama a sama miliyoyin shekaru, amma me ya kwanta a arewacin Turai? Alli fari fat, wanda ake gani a gaɓar Dover. Ruwa na nan da zurfinsa, lakar koguna babu, maiƙo kuma babu, don oksijin na kaiwa ƙasa. Duk wanda ya ce maka tsawon teku kaɗai ke yin baƙin shel ka tambaye shi wannan allin.

Akwai kuma wani ɗan abu da Creaney da Passey suka lura da shi a 1993 wanda ke da amfani ga mai ɗibar samfur, a yawancin shel na teku kabon ya fi yawa a gindin kowane zagaye sannan ya dinga raguwa yana hawa sama, saboda da zarar ruwa ya daina hawa koguna sun fara turo lakarsu gaba kenan. Kenan in ka ɗebi samfur mita biyu uku sama da inda ya kamata, sakamakon da zaka samu na tsinkakken abu ne, ka yanke wa kwarin gaba ɗaya hukuncin da bai cancanta ba.

Na uku, janyewar teku, yawancin mutane tsallake shi suke, kuma a kan dandamalin gaɓa suna da gaskiya, wurin ya bushe ko ya koma yashi. Sai dai a zurfafan wurare labarin daban ne. Bakin dandamalin a yawancin duniya yana a zurfin wajen mita 130 ne, to in teku ya sauka da mita 120 koguna na zuwa har bakin gangaren su juye kayansu kai tsaye cikin zurfi, ganye da itace da ƙasar tudu, a binne su da sauri kafin oksijin ya gama da su. A kwarin Kutei na Indonesiya, gaban bakin kogin Mahakam, an samu gas da mai a ruwa mai zurfi wanda asalinsa gutsattsarin ganye ne da ke cikin yashin da ya gangaro a irin wannan lokacin. Tarin lakar Bengal da kogunan Ganges da Brahmaputra ke ciyarwa yana cikin manyan maƙabartun kabon na duniya, duk da cewa in ka auna kason a samfur ɗaya ƙarami ne, yawan lakar ne ya kai. Bambancin da zai shafe ka shi ne irin kayan, na tudu haidurojin ɗinsa kaɗan ne, a gwajin Rock-Eval, inda ake ɗumama samfur a lab a auna abin da ya fitar, ma'aunin haidurojin ɗinsa yawanci ƙasa da 200, gas ya fi bayarwa, na filanktan kuwa yana kaiwa 300 zuwa 600, shi ne mai ba da mai. Saboda haka tambayar me kake nema tana gaba da tambayar ina zaka nema.

Sai batun kwarin da ke da dokin ƙofa, wanda in teku ya sauka yake kusan rufewa. Hankali zai ce maka rufewa na kawo shaƙewa, shaƙewa na kawo baƙar laka. Wani lokacin haka ne. Tekun Japan mashigansa duk marasa zurfi ne, na Tsushima wajen mita 130, da teku ya sauka a lokacin ƙanƙara na ƙarshe ruwan waje ya kusan daina shiga, ruwa mai sauƙin gishiri ya rufe saman, ƙasan ya rasa oksijin, laka mai duhu mai siraran layuka ta kwanta a daidai lokacin da teku ke ƙasa. To yanzu haɗa shi da kwarin Cariaco da ke gaɓar Benezuwela, zurfinsa wajen mita 1,400, dokin ƙofarsa bai kai mita 150 ba. Shima ya kusan rufewa a lokacin ƙanƙarar, amma lakar wannan lokacin mai haske ce kuma tsutsotsi sun tona ta, alamar akwai oksijin. Sai da teku ya fara hawowa, wajen shekara 14,500 baya, ruwa mai ɗauke da abincin filanktan ya samu hanyar shigowa, samarwa ta ƙaru, gawa ta yi yawa ta cinye oksijin ɗin, sannan baƙar laka ta fara. Kwari biyu, dokin ƙofa kusan iri ɗaya, saukar teku ɗaya, sakamako kishiyar juna. Ni a wurina wannan misalin ya fi duk wani zane na littafi koyarwa, don yana nuna maka teku ƙofa kawai yake buɗewa ko rufewa, abin da ke shigowa ta ƙofar shi ke yanke hukunci. Tsohuwar gardamar nan ma ta masu cewa rashin oksijin ne asali, irin su Demaison da Moore a 1980, da masu cewa yawan samarwa ne, irin su Pedersen da Calvert a 1990, in ka sa ta a kan waɗannan biyun sai kaga kowa ya kama gefe ɗaya ne.

Wani abin ma ba ruwansa da teku sam. Baƙaƙen layukan gabashin Bahar Rum suna bin juyin da alƙiblar karkatar duniya ke yi ne duk kusan shekara 21,000, duk sanda damina ta yi ƙarfi a Afirka kogin Nilu ya ƙara zubo ruwan daɗi ya rufe saman tekun, na ƙarshensu ya kwanta tsakanin wajen shekara 10,000 zuwa 6,000 baya. Wanda ya zo da ma'aunin hawa da saukar teku zai fassara su ba daidai ba. Haka inda ruwan ƙasa ke ɓulɓulowa sama kamar gaɓar Peru da Namibiya, iska ce ke jan ragamar.

To in ni ne da samfur talatin ɗin, abin da zan fara tambaya shi ne yaya fuskar ƙasar take kafin ruwa ya zo. In akwai alamar kwaruruka, ko ƙanƙara ce ta sassaƙa su ko tsagewar ƙasa ce ko tsohon kwarin kogi, fiye da rabin samfur ɗina a gindi zan zuba su, daga inda yashi ko dutsen tudu ya ƙare baƙi ya fara, kuma kusa-kusa zan ɗiba don layin na iya zama siriri. In kuwa shimfiɗaɗɗen kwari ne mai gangara a hankali, sai in nemi inda gama ya fi tsalle in ɗiba daga ɗan ƙasansa zuwa ɗan samansa, in tsallake dogon shel mai ruwan toka da ke bisa, biyu uku sun ishe shi don kwatance. Layin janyewa ba zan taɓa shi ba sai in ina gaban babban bakin kogi a ruwa mai zurfi kuma gas ya ishe ni, ko kuma ina da hujjar kwarin rufaffe ne. Tsakanin na farko da na biyu, in aka matsa min in zaɓi ɗaya ba tare da na san komai game da kwarin ba, na biyu zan ɗauka, ba don ya fi maiƙo ba, sai don in na same shi a rijiya ɗaya ina da dalilin sa ran samunsa a ta gaba.

Kada kuma ka ɗauko zanen hawa da saukar tekun duniya, irin na Haq da abokan aikinsa na 1987, ka manna wa kwarinka kai tsaye. Laka bata san matakin tekun duniya ba, zurfin ruwan da ke kanta ta sani, kuma ƙasa na iya nutsewa da kanta. Shel ɗin Marcellus na gabashin Amurka, wajen shekara miliyan 390 baya, ya kwanta ne a kwarin da nauyin duwatsun da ke tasowa a gefensa ya danna ƙasa, ruwa ya yi zurfi a wurin ko da wani waje bai ga canji iri ɗaya ba.

Ita ma na'urar gama kar ka ba ta amana ɗari bisa ɗari, fosfet na tara yuraniyom ko babu kabon, yumɓu kuma na da fotashiyom da toriyom da ke ɗaga karatun, don haka in akwai wadda ke rarrabe ukun ita zaka nema, ka haɗa da ma'aunin nauyin dutsen tunda shel mai maiƙo ya fi sauƙi. In daga fili kake ɗiba ba daga rijiya ba, ka haƙa ka wuce ɓawon da rana da ruwan sama suka ci, don shel ɗin da ya daɗe a waje yana rasa kabon ɗinsa ya koɗe. Baƙin launi ma shi kaɗai ba hujja bane, fayirait da manganis duk suna baƙanta dutse, sai lab ya auna kafin ka rubuta komai a rahoto.